Marfin Kwalba Mai Siminti

Ranar da Inna ta kusa korar Yaya Rakiya ba ta taɓa fita daga raina ba. Ina ba ku labarin ne, ku da za ku riƙa zama a bakin ƙofa idan ina makaranta, don ku san dalilin hujin da ke jikin marafan nan.

Gidan abincinmu na unguwar Mahdiya a garin Sabha ya cika ne a shekarun nan da aka buɗe iyaka, ana cewa Afirka duk gida ɗaya ce. Leburori daga Damagaram da Tawa suka yi yawa. Da farko kowa na karɓar kuɗi. Inna ta ƙulle a bakin zane, Yaya Rakiya, mai aikinmu da ke zuba abinci, ta cusa a aljihu da hannu duk mai, da yamma a yi ta gardama. Sai Inna ta kawo tsari. Ni zan zauna a ƙofa bayan an tashi makaranta, in karɓi kuɗi, in ba mutum marfin kwalbar lemo: ja na shinkafa, kore na makaroni. Yaya Rakiya marfi kawai take karɓa, ba ta taɓa dinari.

Mun ɗan huta. Sai kuma marafan da ke dawowa suka fara fin waɗanda na bayar.

Wata Talata bayan la'asar, Inna ta zube su a tire. Ta gaji, ƙafafunta sun kumbura.

"Rakiya, 'yan garinku kike ciyarwa da tukunyata?"

"Ni, Inna? Wallahi abin da aka miƙo mini shi nake jefawa a gwangwani."

"To aljanu ne ke cin makaroni? Gobe ki nemi wani wuri."

Yaya Rakiya da 'ya'yanta biyu a ɗakin bayan shago suke kwana, ba ta da kowa a Sabha. Ta tsaya da ludayi a hannu.

Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai malama ta kira sunana sau biyu. Amma tun ɗazu nake kallon tiren. Marafanmu sun sha hannu, sun yi santsi, suna warin mai. Wasu kuwa sababbi ne, da siminti maƙale a haƙoransu. Na tsince su gefe, na ce a hankali, "Inna, waɗannan ba daga hannuna suka fita ba. Daga wurin gini suka zo."

Washegari Inna ta zauna bayan labule tana kallo. Baba Idi, wani tsohon lebura, ya bi cunkoso ya wuce ni, ya zaro marfi daga cikin hularsa. Inna ta kira shi gefe.

"Baba Idi, da furfurarka?"

"Hajiya, mudir, shugabanmu a wurin gini, ya riƙe mana kuɗin aiki, ni da yaran da nake tare da su. Roƙo ne bakina ya kasa."

Inna ta ce ya je ya ci.

Da yammar nan ta ba ni ƙusa da dutse, na huda marafanmu, huji biyu biyu, har yatsuna suka yi kanta. Ta kuma ware 'yan kaɗan a kofi, ta ce na Allah ne. Wanda ba shi da kuɗi ya raɗa mini a ƙofa, in ba shi kamar ya biya.

Yaya Rakiya ba ta tafi ba. Inna ba ta ba ta haƙuri da baki ba, takalma ta sayo wa yaran Yaya Rakiya. Ta karɓa, ta yi godiya, amma daga ranar ba ta sake sa hannu a kwano ɗaya da Inna ba.

Abin da na koya ke nan. Idan hanyar karɓar kuɗi ta yoye, ba a kan wanda ya ci ake fara zargi ba, a kan na kusa ne, wanda ba shi da wurin zuwa. Don haka ku shafa kowane marfi kafin ku miƙa. Ba makaroni kaɗai kuke tsarewa ba.