Kwamfutar da Na Hana Jin Zafi

Lokacin da wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, ina da ɗan shagon buga takardu a Lafia, a bakin titin Makurdi. Kwamfuta ɗaya ce gare ni, 'yar gwanjo, wadda ta sha jiki a wata ƙasa kafin ta iso hannuna. Da safe ɗalibai da masu neman aiki ke cika min benci. Bayan azahar kuwa lokacin mahaifina ne.

Idanun Baba sun riga sun mutu, sai ya ƙudurta zai faɗi tarihin rayuwarsa in buga masa. Daga Kano ya zo yana saurayi, ya yi fataucin doya da gishiri har ya kafu a garin. Ni dai ba doya ce ta dame ni ba. Mahaifiyata ta rasu ina goye, kuma bai taɓa ba ni labarinta ba, ko sunanta ba ya kamawa. In na tambaya sai ya ce Allah ya ji ƙanta, ya laluba butarsa. Amma a gaban kwamfutar nan bakinsa yakan buɗe, kamar ya manta 'yarsa ce ke bugawa. Na san in muka isa shekarar aurensu zai faɗa. Sai dai Baba ba ya tsallake ko damina ɗaya, kowace mota ta lalace masa a hanyar Agyaragu sai ta shiga takarda.

Ga shi bazara ce, rufin shagon kwano. Da rana ta take sai kwamfutar ta fara jan ƙafa. In buga kalma, sai na harɗe hannu ina jira kafin ta fito. Wani lokaci ta kashe kanta gaba ɗaya. Baba ba ya son a katse shi, in ta tsaya sau biyu zai ɗauki sandarsa ya ce, "Uwata, sai gobe." Sunan mahaifiyarsa na ci, haka yake kirana. Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya shaida.

Na kira mai gyara, wani mutumin Eggon mai sanyin magana. Ya buɗe murfin, ya hure ƙura, ya nuna min wani ɗan ƙarfe ƙarƙashin fanka.

"Anti, wannan shi ne furosesa, shi yana yin duk aiki. Kwamfuta naka ba lalaci yana yi ba, zafi ne. Yana gudun mutuwa."

Ya yi min bayanin da na riƙe har yau. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta tana da zuciya, ita ke raba wa furosesa aiki, amma ba ta jin zafinsa da kanta. Akwai wata ƙaramar manhaja da aka dasa a jikin allon injin tun daga masana'anta, ana ce mata Bayos. Ita ce 'yar aike a tsakaninsu. Zuciyar ta tambaya, Bayos ta gaya mata zafin ya kai kaza, ta kuma miƙa mata linzamin rage gudu. In abin ya wuce kima, a kashe injin.

Na ce, "Ana iya hana su wannan gulmar?"

Ya yi dariya. "Ana iya. Amma ni ba zan yi ba. Ka jira sabon fanka ya zo daga Jos, sati biyu ne kawai."

Kuskurensa ɗaya, ya shiga shuɗin shafin nan na Bayos a gabana, ni kuma ina da ido. Ranar da Baba ya ce gobe za mu shiga shekarar da ya fara zuwa Keana saro gishiri, na ƙudurta injin ba zai katse shi ba, don na san can ne garin mahaifiyata. Washegari kafin ya iso na kunna injin, na danna maɓallin da na ga an danna, na nemo layukan zafi da na rage gudu, na kashe su duka. Har wani daɗi na ji, kamar na yi maganin 'yar aikin da ta raina ni.

Ranar kwamfuta ta yi gudu kamar sabuwa. Baba ma ya ji, ya ce yau injin ya ci abinci. Mun yi fiye da awa ɗaya ba tsayawa. Shi ya fara jin ƙaurin, ya ɗaga hanci ya ce wani yana ƙona roba. Kafin in juya fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Mai gyara bai yi min faɗa ba, da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Ya ce furosesa ya ƙone har da allon da yake zaune a kai, sai an samo daga Legas, amma rubutun yana nan a ma'ajiya. Na ɗauko biro da littafi na sami Baba a zaure na ce mu ci gaba a haka. Ya ce a'a, wannan ai hira ce, shi kuma ba ya irin wannan hirar da 'yarsa. A bari injin ya dawo. Ban gaya masa ni na ƙone shi ba.

A sati na biyar muna jiran kayan Legas, Baba ya faɗi a wajen alwala. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya tafi. Ya ƙara shekara uku a duniya, ina ba shi kunu a cokali, yana motsa baki ba abin da ke fita. Ban taɓa jin haushin wani mahaluƙi kamar yadda na ji haushin kaina a shekarun nan ba.

Da kwamfutar ta dawo na buɗe rubutun. Ya tsaya ne a Keana, inda Baba ya tarar da 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, suna auna gishiri. Ɗaya ta yi ta dariyar Hausarsa ta Kano har ta zubar da mudu. Ɗayar ko kai ba ta ɗago ba, sai da zai tafi ta ƙara masa gyara. Dukansu sun rasu kafin in yi wayo, waɗanda suka rage a dangin kuwa ba wanda ya san da wannan rana. Na karanta masa wurin a kunne, na ce, "Baba, wacce ce? In mai dariyar ce ka matsa hannuna." Sai ya riƙe hannun ya yi ta kuka, ban gane ko matsawa ce ba.