Akurkan Dadda Bal'id

Yayana Bal'id ya yi shekara talatin da ɗaya a bayan kanta a Kasablanka, yana auna wa mutane sukari da mai, yana kwana a kan buhunan gari. Ya girme ni da shekara tara, don haka Dadda nake ce masa, yadda kowace ƙanwa ke kiran wanta a wajenmu. Da gwiwoyinsa suka gaji da tsayuwa, ya miƙa wa mai kantin makullinsa, ya dawo ƙauyenmu Tagunsa da akwati ɗaya. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Ni na riƙa kai masa abinci.

Kwana uku da dawowarsa ya hau tudun bayan gari, inda itatuwan argan na gidanmu suke, waɗanda muke matse mai daga ƙwallonsu. Ya sauko ya same ni ina fasa ƙwallon argan a kan dutse.

"Ijja, ina 'ya'yansu?"

"Ga su ina fasawa, ko birni ya cinye maka ido ne?"

"Ƙanana nake nufi. Duk tudun nan babu itace ɗaya da bai girme ni ba. Da muna yara sun haura sittin, yau sha tara na ƙirga."

Gaskiya ya faɗa, kuma kunya ta kama ni, don kullum sai na hau tudun amma ban taɓa lura ba. Duk abin da ya tsiro, akuya na tsinke shi tun yana ganye biyu. Mu 'ya'yan itacen ne namu, ba ƙasar ba. In an yi shelar agdal, wato hana kiwo, a ƙofar masallaci, babu dabbar da za ta hau tudun sai an gama tsintar 'ya'ya. Ran da aka buɗe kuwa, ciyawa da ganye na kowa ne, ba ka da ikon kewaye fili ka ce naka. Iyakar abin da mutum zai iya shi ne ya kewaye tsiro ɗaya ɗaya.

Mijina Hamad, wanda ya fi kowa yawan awaki a garin, ya yi dariya har da buga cinya da ya ji labarin.

"Surukina, argan ba a shuka shi, Allah ke shukawa. Kai da za ka zauna ka sha shayinka, sai ka ɗauko aikin da jikokin jikoki ne za su ci? Jikokin wa ma?"

Wannan ta ƙarshen ta yi zafi, kuma daren nan Hamad bai ga mai a kan burodinsa ba. Dadda dai ko a jikinsa. Ya jiƙa ƙwallaye kwana huɗu, ya shuka su a gwangwanayen tumatir, bayan wata shida ya dasa ɗari da ashirin a kan tudun.

Daga nan wahalar ta fara. Ragar waya ta kirki ta fi ƙarfin aljihunsa, sai ya koma ga abin da mutane suka zubar. Da farko garwar mai ya yanke gindinta ya kifa wa kowane tsiro. Rana ta gasa ƙarfen, ta dafe talatin a mako ɗaya. Ya koma buhun albasa mai raga, ya ɗaure a kan sanduna uku, awakinmu suka cinye buhun suka yi kayan zaki da tsiron. Ya jero tsofaffin tayoyi daga garejin bakin titi, kurege ya mayar da su gidansa, ya yi ta gwaguyar saiwa daga ciki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk shekara sai ya sake jiƙa ƙwallaye, ni kuma in sake ajiye masa gwangwani ina mita.

A shekara ta uku ya gane abin da zai yi. Ya saro kara daga bakin rafi, ya saƙa shi kamar kwando marar gindi, ya lulluɓe bayansa da ƙayar magarya, ya ɗaure da wayar da yake cirowa daga ƙonannun tayoyi. Awakinmu na hawa itace kamar birai, amma ba sa taka magarya. Abin da ya rage shi ne tsayi. Wata safiya na leƙa turke na tarar da dattijo ɗan shekara sittin da biyar ya ɗaga dunƙulen ganye sama, babban bunsurun Hamad ya miƙe a kan ƙafafun baya yana neman kaiwa, shi kuma yana zana alama a bango da gawayi.

"Dadda, me kake yi da bunsurun mutane?"

"Ina auna abokin gaba," in ji shi. "Iyakarsa ke nan. Zan ƙara taƙi ɗaya."

Haka ya yi su duka, tsayin ƙirjin namiji, sama a buɗe don rana da raɓa su shiga. Yaran gari suka sa musu suna akurkan Dadda Bal'id. In ya wuce majalisa sai a tambaye shi ko kajin sun fara ƙwai. Hannayensa kuwa ba su sake warkewa ba. Duk Juma'a ni ke cire masa ƙaya da allura, ina zaginsa yana cewa, "Yi a hankali, 'yar uwa, hannun aiki ne."

Ruwa a kan jaki yake kaiwa, jarka huɗu, sawu biyu a rana, kowane tsiro ya sami kofinsa sau ɗaya a mako. A shekara ta bakwai saura arba'in da uku, amma duk sun kama ƙasa, wasu har sun fara leƙo bakin akurki. Hamad da kansa ya daina tsokana. Na taɓa ganinsa yana jifan akuyarsa don ta tsaya shinshina ƙaya, da ya ga na gan shi ya ce wai maciji yake kora. Dadda ya ce in suka ƙara shekara uku, kan kowane zai wuce bakin akuya, ya huta. Na yarda da shi, kuma na yi murna ƙwarai.

Shekarar nan ce ba a yi ruwa ba, ta biyu a jere. Aka buɗe agdal da wuri don babu abin tsinta. Bayan kwana goma, da hantsi, manyan motoci uku suka tsaya a bakin titi suka sauke raƙuma daga kudu. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin raƙumi a tudunmu ba, kakarmu ma labarinsa kawai take yi. Duk Tagunsa babu wanda ya taɓa yin shinge yana tunanin abin da zai zo ta sama.

Ina shanya na hango Dadda yana gudu, irin gudun da gwiwa ba ta yarda da shi ba. Na bi shi. Ko da muka isa, sun bazu a kan tudun, sun fi saba'in. Ba su karya akurki ko ɗaya ba, ko taɓa ƙayar ba su yi ba. Kowanne ya tsaya a natse, ya zura wuya ta sama kamar mai cin tuwo a kwano, ya ɗago yana tauna. Dadda ya yi ta ihu yana kaɗa rigarsa. In ya kori taguwa ɗaya, ta yi taku huɗu ta zura kai a na gaba. Na jefi wata da dutse, ko waiwayowa ba ta yi ba. Daga ƙarshe ya zauna a ƙasa yana haki, ni kuma na tsaya a kansa.

Da la'asar muka zagaya. Talatin da huɗu an cinye su har ƙasa, wasu an tumɓuke da saiwa. Tara suka rage, na bayan tudun, inda raƙuman ba su kai ba tukuna.

Hamad ya ja Dadda wajen mai unguwa. Mutumin ya saurare su, ya buɗe hannu.

"Dadda Bal'id, an buɗe agdal ko ba a buɗe ba? To me zan rubuta? Sun karya maka shinge?"

"Ba su karya ba."

"Ka gani. Raƙuman ma na wani babba ne, ko sunansa ban sani ba. Ka yi haƙuri."

Washegari na kai wa Dadda kalaci na tarar yana ƙoƙarin saƙa wa akurkan da suka rage murfi. Kara ya ƙare, rafin ya bushe tun bara. Ɗaya kawai ya gama, shi ma a karkace. Muna nan sai aka yi sallama. Makiyayin raƙuman ne, wani dogon mutum ramamme mai suna Salik, leɓensa duk ya tsage, riƙe da kwanon nono. Ruwan sha yake nema. Baƙo ne a ƙofa, Dadda ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce in ɗora shayi. Na ɗora, amma Allah ya sani da wace zuciya.

Salik ya sha ruwa, ya tura kwanon gaban Dadda.

"Baba, ga ɗan abin da ya samu. Kwana ashirin taguwar nan ba ta ba da ko ɗigo ba, sai yau da safe. Ni ɗan haya ne, in ɗaya ta mutu a wuyana take. Biyar na bari a hanya." Ya goge baki da gefen rawaninsa. "Wallahi garinku akwai mutanen kirki. Tun daga kudu ban ga ɗanyen ganye ba sai a tudun nan. Wani bawan Allah ya shuka, ya shayar, har ya kewaye da ƙaya don awaki kar su taɓa. Kun san shi?"

Na buɗe baki. Dadda ya dube ni, irin kallon da yake mini tun ina yarinya, na rufe.

"Mun san shi," in ji shi.

"To ku gaya masa ya ceci rayuka. Allah ya saka masa da alheri, ya albarkaci zuriyarsa, ya sa 'ya'yansa su yi masa abin da ya yi mana."

Butar shayi na hannuna, na ji hawaye na zubo mini, na rasa ko tausayin wa nake ji. Ta ƙofar da ke buɗe ana hango tudun. Raƙuman sun jeru, suna haurawa a hankali ta bayan tudun, inda taran suka rage. Dadda ma ya gani. Bai tashi ba, don ko ya tashi ba inda za shi. Ya tallabi kwanon da hannayensa masu ƙaya, ya kurɓa, ya ajiye.

"Amin," ya ce.