Wayar Injiniya a Fadamar Madekali

Ƙanen matata ya ƙare aikinsa na gidan waya a Kwatano, ya dawo Malanville da furfura, da ciwon kunne, da wata rediyo wadda ba a sauraren labarai da ita. Wani ɗan maɓalli yake ƙwanƙwasawa, ti-ti-ta, sai wani can bayan teku ya amsa masa da irin wannan kukan. A zamanin juyin juya hali, da an kama shi da akwatin nan, da sai dai mu riƙa kai masa tuwo gidan kaso. Da aka koma zaɓe sai hukuma ta ba shi takardar izini, ya sa ta cikin gilashi ya rataye sama da hoton aurensa. Ni na laƙaba masa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya karɓi sunan da hannu biyu.

Na yi yawo a rayuwata. Na kai albasa Abijan, na yi dako a tashar jiragen ruwa ta Dakar, na zauna Kumasi har Tonanci ya zauna a bakina. Na ga masu faɗan raguna, na ga masu kwana da tattabaru a ɗaki. Amma mutanen da ke neman juna daga wannan ƙarshen duniya zuwa wancan don kada su ce wa juna komai, sai a wurin Injiniya na ji labarinsu. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, suna yin gasa ta Asabar da Lahadi: wanda ya taɓa ƙasashe mafi yawa shi ne gwani. Ka faɗi lambarka, ya faɗi tasa, ka ce kana jinsa sarai, ka wuce.

Na ce, "To in ba ka jinsa sarai fa?"

"Haka ake cewa, Alhaji. Ƙa'ida ce."

"Ba ka tambayarsa iyali? Ba ka tambayar gajiya?"

"Babu lokaci."

Bazabarme zai ja maka fofo, gaisuwarsu, har ƙafarka ta yi tsami, Bayarabe zai kai ƙirji ƙasa, amma waɗannan masu ilimi sun rage gaisuwa ta koma ƙarya guda ɗaya.

Kuma a cikin abin nasu, mafi wuya ya zaɓa: zangon rediyo na mita ɗari da sittin, inda ya ce da ƙyar aka taɓa jin ƙasarmu. Kunnensa na hagu ya riga ya mutu, likita a Paraku ya gaya masa na dama ma yana bin sawu. Ya san in bai yi gasar bana ba, ba zai sake yin wata ba. Wannan zango yana son waya mai tsawon gaske da ƙasa mai laima, don haka ya roƙe ni fadamata ta wajen Madekali da zarar an yanke shinkafa. Ya yi ƴar bukka a gefen gonar, ya haɗa gorori ya kafa wata doguwar sanda, ya baza wayoyin jan ƙarfe a ƙasa kewaye da ita kamar ƙafar keke. Sannan ya ja wata waya a kan ƴan turaku masu tsayin ƙugu, ta ratsa gonata da ta maƙwabta, ta miƙe yamma tana duban Amurka.

Na ce masa ya sayi goro ya je ya gai da delege, mai riƙe da ƙauyen, ya kuma biya wurin ardon Fulani.

"Ina da takarda daga Kwatano," in ji shi.

"Injiniya, shanu ba su shiga lakwal ba, balle su karanta takarda."

Ya yi dariyar da ƴan boko ke yi wa mai sayar da albasa.

Kowa a yankin ya san yadda ake yi. In aka gama girbi, delege ya tsai da ranar sakin gonaki, mai shela ya zaga ya sanar. Daga ranar nan kara da tattaka na shanu ne, taki kuma na mai gona. Mai shelar bai yi ha'inci ba. Ya je har ƙofar bukkar Injiniya a kan moto, da lasifika a hannu. Daga baya ya ce mini, "Alhaji, na faɗa da Dandanci, na faɗa da Fillanci, na faɗa da Hausa. Mutumin naka ya fito da abin nan a kunne, ya ce in kashe moto ina ɓata mashi Jamus."

Asabar ta yi masa kyau, ya tara ƙasashen Turai da dama. Abin da ya rage masa shi ne can ƙuryar Amurka, wadda ya ce ba a samunta sai a ɗan tsakanin nan kafin rana ta ɓullo. Ran Lahadi bayan sallar asuba na hau kabu-kabu da shayi da ƙosai da yayarsa ta aiko masa. Na same shi a duƙe, ido a rufe, ya karkata kunnen dama, ya ɗaga mini hannu kada in yi sallama. Fuskarsa ta nuna an fara amsa masa.

Sai na ji ƙasa tana wani irin motsi. Na leƙa: garke ne daga wajen ƙauyen Tumbutu na nan kusa, yana gangarowa fadama a natse, kamar masu zuwa walimar da aka gayyace su, kuma an gayyace su ɗin. Na taɓa kafaɗarsa, ya ture hannuna. Bajimin da ke gaba ya sa ƙaho ƙarƙashin doguwar wayar ya ci gaba da tafiya. Turaku suka riƙa tsugewa bi da bi. Rediyo ta ja jiki a kan tebur ta nufi ƙofa, Injiniya ya bi ta a sunkuye, don igiyar abin kunnen tana haɗe da ita.

Ardon yana waje, ya dogara a sandarsa. Ya yi sallama, ya tambayi kwana, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, Injiniya yana zuba masa Faransanci. Da ya kai ƙarshen gaisuwarsa sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, baƙon naka kifi yake tarko a tudu?"

Da hantsi Injiniya ya je gida ya ɗauko takardarsa da gilashinta, muka tafi wurin delege. Delege ya juya ta, ya yaba hatimin, ya mayar masa.

"Takarda ce mai kyau, malam. Sama suka ba ka. Ƙasa kuwa an sake ta, an yi shela. Da ka zo ka gaishe mu, ai da mun ɗaga ranar zuwa Litinin."

Ardo ya gyaɗa kai. "Mi ne ne a ciki? Da ma akwai ciyawa a bakin gulbi."

Na ga wannan ta fi ƙahon bajimi yi masa ciwo. Ya sa takardarsa a hammata, muka koma gari.

Ya tattara abin da ya samu na waya. Sauran na riƙa ganinsa a gidajen Madekali, an shanya zannuwa a kai. Kafin kaka ta zagayo kunnen dama ya bi ɗan'uwansa, yayarsa ta lulluɓe rediyon da tsohon zane ta ɗora kwanoni.

Yanzu a ƙofar gida yake wuni, kan hanyar babbar kasuwa, kuma babu mai wucewa bai sha gaisuwarsa ba, da ƙarfi, har ƴan Gaya ta tsallaken gulbi masu sauri sun fara sake hanya. Rannan na tsaya na ce masa, "Injiniya, rigarka a baibai take."

Ya kama hannuna ya girgiza. "Lafiya lau, Alhaji. Ina jinka sarai."