Yadda Na Tarar da Shafinmu a Hannun Mutanen Nguru

Ku yaran ofis kuna yawan tambayata abin da ya haɗa ni da Falmata. To, ku saurara. Ko na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da na kama ta da sayar da ƙungiyarmu ba, duk da dai daga baya an ce ba ta sayar ba.

A lokacin ni ne mai buga takardu na ƙungiyar masu kifi a nan Gashuwa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na buga tafireta har ta tsufa ta bar ni. Sai aka ɗauko Falmata, 'yar Jakusko, ta yi mana shafin intanet. Ƙa'idarmu ita ce sabon ma'aikaci yakan yi zaman gwaji, in Ciyaman ya gamsu ya tabbatar da shi, in bai gamsu ba a yi masa addu'a ya kama hanya.

Ta zauna gaban babbar kwamfutar ofis, ta ce sai ta fara girka wani abu wai shi firemwok. Na ce mene ne shi? Ta ce, "Baba, kamar ginshiƙan rumfa ne. Wasu sun riga sun sassaƙa, kai kafawa za ka yi ka ɗora zana." Na ce to. Sai ta buɗe wani baƙin allo, ta rubuta layi ɗaya, rubutu ya dinga zubowa da kansa ba mai taɓa shi. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin aikin gaskiya a baƙin allo ba. Da ya tsaya, ta buga wata lamba mai ɗigo-ɗigo a sama, sai ga sunan ƙungiyarmu ya fito. Na faki idonta na kwafe lambar a tafin hannuna, daga baya na mayar da ita takarda.

Ranar kasuwar Nguru na je gaida 'yata. Mijinta, Modu, yana da shagon koyar da kwamfuta. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya fita nemo mini shayi, ya bar na'urarsa a kunne. Na gyara tabarau na buga lambar nan, ɗigo bai ɓace ba. Jama'a, me zan gani? Masu Busasshen Kifi na Nguru, har da hoton tarwaɗa! Mutanen da kullum suke karya mana farashi.

Za ku ce me ya hana ni tambayar Modu. Suruki ne. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi zan ce wa yana karɓar kayan sata? Na bar shayin, na hau mota.

Washegari na shiga wurin Ciyaman, Alhaji Kachalla. Na ce, "Ranka ya daɗe, an sayar da mu." Ya sa aka kira Falmata, ya ce mata in haka ne, gwajinta ya ƙare yau. Yarinya ta dube ni, ta ce, "Baba, wace lamba ka buga?" Na karanto mata. Sai ta rufe baki da mayafi. Na ɗauka kuka ne.

Ta ce, "Alhaji, a zo a gani." Ta cire wayar intanet daga bayan kwamfuta ta miƙa mini na riƙe. Ta buga lambar, shafinmu ya fito. Ta ce, "Wannan lambar ba adireshin kowa ba ce. Duk kwamfutar da ka buga wa ita, abin da ke cikinta za ta nuna maka. Shafinmu bai fita duniya ba tukuna, ko ƙofar ofis bai leƙa ba. Wancan na Nguru, wani ne yake koyo a kan tasa na'urar."

Alhaji ya gwada a wayarsa, ba abin da ya fito. Ya dube ni ya ce, "Malam Bukar, wato Nguru ka je ka leƙa ɗakin surukinka, ka dawo kana cewa an kwashe mana kaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bincike kenan. Wa ya san haka kafin na je?"

A ranar ya tabbatar da ita. Kuma ya yanke hukunci cewa tunda ni ne mai bincike, in zauna ta koya mini girka abin da hannuna. Na girka shi, bayan na ɓata shi sau da dama, ita kuwa tana cewa, "Baba, a hankali, ba tafireta ba ce, ba ta son duka."

Abin da na koya shi ne, a aikin nan na zamani, in ka ga abin da bai kwanta maka ba, fara tambayar wanda ke zaune kusa da kai kafin ka kai ƙara sama. Saura kaɗan in raba yarinya da abincinta a kan tarwaɗar da ba tamu ba. Amma baƙin allon nan, ku rubuta ku ajiye, har gobe ban yarda da shi ba.