Ilyasu Ibram da Motar da Aka Ƙi Kira Gida

Haihuwa

An haifi Ilyasu a Gamu, cikin ƙasar Gure, a shekarar 1954. Mahaifinsa Malam Ibram manomi ne, mahaifiyarsa kuwa Yakura.

Karatu da aiki

Bayan ya sauke Alƙur'ani ya yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida, sannan ya koyi tuƙi a Damagaram. A 1979 aka ɗauke shi direban motar rigakafi, wata doguwar mota mai gado da kabad a ciki, wadda ya shekara talatin yana bin makiyayan Alakoss da Gidigir da ita, yana kwana cikinta fiye da yadda yake kwana a ɗaki.

Aure

A 1983 ya auri Zulai, wadda takan yi masa tsiya cewa motar ce uwa da ubansa.

Rikicin fili

Da ya ajiye aiki a 2009, aka bar masa motar kyauta domin injinta ya mutu. A shekarar kuma wani ofishin filaye ya ba shi fili a Gure, bisa sharaɗin a kafa mazauni cikin shekara biyar ko a karɓe. Ilyasu ya sa aka jawo motar, ya yi mata rumfa da danga, ya tare a cikinta da iyalinsa. Kuskurensa guda ne, ɗabi'ar direba: kowace Juma'a sai ya wanke ta ya duba iskar tayoyi.

A 2014 wani jami'i ya zo, ya tarar da Zulai tana tuƙa tuwo a ƙofar motar, ya kalli tayoyin, ya rubuta cewa abin hawa ne, fili kuma babu kowa. Ilyasu ya cire tayoyin da hannunsa yana hawaye, ya ɗora motar a kan bulo. Jami'in ya dawo ya rubuta tarin ƙarfe. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma da alƙalami aka yi shi, ba kunya. Ilyasu ya ce masa: “Ranka ya daɗe, shekara biyar nan muke salla, nan muke kwana. Idan ba gida ba ne, a ina muke?” A 2016 aka soke takardar filin, Ilyasu ya yi ta zarya da ƙara har ƙarfinsa ya ƙare.

Rasuwa

Ya rasu ranar Talata, 8 ga Maris 2022, a kan gadon motar. Cikinta aka yi masa wanka, aka binne shi bayan azahar a maƙabartar Gure. Jami'in nan, wanda a lokacin an mayar da shi sashen rajista, shi ya sa hannu a takardar mutuwar, inda aka rubuta cewa marigayin ya rasu a gidansa.

Ya bar matarsa Zulai da 'ya'ya huɗu: Bubakar, Farida, Hashimu da Samira. Bayan sadakar arba'in aka tashe su daga filin.