Kunnen Maikano

A Tudun Wada, duk direban da motarsa ta gagare shi, garejin Maikano yake ƙarewa. Ba na'ura gare shi ba, kunne kawai Allah ya ba shi. Shekara talatin yana kwantar da kai a kujerar baya, inda famfon mai yake ƙarƙashi, ya ce a murɗa makulli kada a tayar. Daga ɗan gurnanin nan zai faɗa maka ciwon motarka, ya haɗa da halin direbanta. In ya gama gyara kuwa, ga iyayi, sai ya juya wa motar baya a tayar da ita, wai ido ba ya shaidar inji.

Abin da ba wanda ya sani sai matarsa Salamatu shi ne kunnen nan ya fara tafiya. Ƙarar injuna ta cinye shi sannu a hankali. Ya koyi kallon baki, ya koyi cewa "haka ne" ga maganar da bai ji ba. Tsoronsa ɗaya ne: ranar da direbobi suka gane, ranar garejin zai mutu.

Ana haka sai ga Ɗantani, amininsa tun ƙuruciya, mai jigilar kifi daga Tiga. Motarsa ba ta tashi da safe sai ta ja masa rai, kifi yana shan rana. An canja batir, an canja fulogi, duk a banza.

Maikano ya kwantar da kai a kujera, shiru. Da bai ji komai ba, sai ya shimfiɗa tafin hannu a kan kujerar, ya ji motsin famfon a fatarsa. Ya ce a bar motar ta kwana. Da safe ya kwance tiyon mai, ko tsartuwa bai yi ba.

"Famfon yana aiki, riƙewa ce ba ya yi," in ji shi. "In ta kwana sai man ya koma tanki, shi ya sa sai ta sake janyo shi."

Ya canja famfon. Washegari direbobi suka taru ganin gwaji. Da zai bar al'adarsa da an tambayi dalili, don haka ya juya baya kamar kullum.

"Bismillah, Ɗantani."

Bugu ɗaya ta tashi. Maikano yana tsaye yana jira.

"Haba Ɗantani, murɗa mana. Me kake jira?"

Da ya waiwaya, sai ya ga kowa ya sunkuyar da kai. Ya kuma ga hannun Ɗantani ya mai da makullin baya a hankali ya kashe, sannan ya sake tayarwa.

"Ka ji ta, abokina? Bugu ɗaya."

"Na ji," in ji Maikano.

Wannan tausayin ya fi masa dariya ciwo. Ya goge hannu, ya tattara sifanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya nufi gida tun hantsi bai yi ba. A bayansa Ɗantani yana ta kiran sunansa, bai waiwayo ba.