Sandar da Kawu Ya Kafa a Yashi

Yau na ga hoton Cancale a waya, sai na tuna Kawu. A wannan ɗan garin masunta na bakin tekun Faransa ya zauna kafin ya zo Washington aikin rediyo. Kullum labarinsa ɗaya: teku kan janye har jirage su kwanta a taɓo, sannan ya dawo da gudu. Zuwansa na farko ya tada sallah a wurin, kafin ya sallame ruwa ya tafi da takalmansa.

A shekarun 1980 ya kai mu bakin ruwan Chesapeake a Amurka, daga gidanmu da ke Largo. Shekarata tara, ban taɓa shiga teku ba, kuma Umma ta ce mu dawo kafin la'asar. Kawu ya kafa sanda a yashi.

"Ba mai shiga sai na ga halinsa."

"Kawu, lokaci fa yana tafiya!"

"Ɗiyata, ba a yi wa baƙon ruwa gaggawa."

Awa biyu muna zaune muna shaƙar ƙarnin kaguwa. Da ƙyar ruwan ya taɓa sandar. Ya yi tsaki, "Wannan rago ne." Ya naɗe wando, ya kama hannuna muka shiga. Minti goma na samu, bai sake ni ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya huta.